Taken rubutu: yadda ake tsara shi don mai nema ya same shi

Take yana da aiki biyu. Yana sanar da mai wucewa da ido abin da ke ciki tun kafin ya buɗe, kuma shi ne ke kawo mutumin da zai zo neman wannan batu bayan wata shida ko shekara biyu. Na biyun aka fi mantawa da shi. Mai tambaya a dandalin intanet yana cikin zafin matsalarsa, sai ya rubuta "Don Allah a taimaka" ko "Tambaya ta gaggawa". Amma wanda wayarsa ta daina caji gobe ba waɗannan kalmomin zai sa a akwatin bincike ba, kuma gwanin da ya san amsar zai wuce abinsa, tunda babu abin da ya nuna masa cewa fagensa ne.

Abubuwa uku ake so take ya ɗauka: sunan abin da ake magana a kai cikakke, abin da ya same shi, da yanayin da ya bambanta shi da sauran irinsa. A duba yadda take ɗaya ke gyaruwa:

"Matsalar waya"
"Galaxy A14 ba ta caji"
"Galaxy A14 ba ta caji sai an kashe ta"

Na farko bai faɗi komai ba. Na biyu ya kama hanya. Na uku kuwa ya riga ya rage wa mai amsa rabin aiki, domin wayar da ba ta caji sam-sam ana fara zargin igiya ko bakin caji ne, ita kuwa wadda ke caji sai a kashe, zargi ya fi karkata ga caja mai rauni ko manhajar da ke shanye wuta fiye da abin da ke shiga. Kalmomi huɗu kacal aka ƙara, suka sauya amsar gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne sa hasashe a take a maimakon abin da ido ya gani. Wanda ya rubuta "Batirin kwamfutata ya mutu" ya yanke hukunci tun kafin bincike, kuma duk amsar da za ta zo a kan sayen sabon batir za ta tsaya. Idan ya ce "Kwamfutar hannu tana mutuwa da zarar an zare caja", ya bar ƙofa a buɗe ga wanda ya san wani dalili daban. Masu nema ma alamar da suka gani suke rubutawa, domin da sun san dalilin da ba su zo nema ba.

Idan na'ura ta fito da saƙon kuskure, a kwafe shi yadda yake, kada a fassara, kada a taƙaita. "Windows 11: sabuntawa ta tsaya da 0x80070005" take ne da zai kai mai nema kai tsaye, saboda lambar ita ce abin da zai liƙa a akwatin bincike. A kwafa da kwamfuta maimakon bugawa da hannu, don sifili da harafin O suna rikita ido, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya ɓatar da rubutun. Haka lambar sigar manhaja, a sa ta idan matsalar bayan sabuntawa ta fara.

Sai jerin kalmomi. Binciken motsin ido da Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya wallafa a 2006 ya nuna cewa mutane ba sa karanta allo layi-layi: suna bin gefen hagu suna gangarawa, suna ɗan leƙa farkon kowane layi. A 2009 ya gwada yadda mutane ke fahimtar take daga haruffa 11 na farko kawai. Wannan ya shafi mai rubutu da Hausa sosai, domin "Yadda ake" kaɗai ta cinye tara daga ciki idan aka haɗa da tazara. Idan take goma a jere duk da ita suka fara, ido ba shi da abin kamawa. Gara a ce "Haɗa fayilolin PDF biyu a waya ba tare da intanet ba". Gaisuwa da roƙo da godiya suna da muhallinsu, wato cikin rubutun.

Tsawo kuma yana da iyaka. Google kan datse take idan ya wuce kimanin haruffa 60, YouTube ba ya karɓar fiye da 100, kuma a allon waya sau da yawa abin da ke fitowa bai kai haka ba. Kalma takwas zuwa goma sha biyu sun wadatar. Idan dole take ya yi tsawo, a tura abin da za a iya rasawa zuwa ƙarshe.

Akwai wata matsala da ba kowa ke lura da ita ba, ta haruffa masu lanƙwasa. A tsarin Unicode, wanda na'urori ke bi wajen tantance haruffa, ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu, ba k ko d ko b da aka ɗora wa alama ba. Saboda haka akwatin bincike da yawa ba ya haɗa su: wanda ya buga "karfe" ba lallai ya ga taken da ke da "ƙarfe" ba. Shawara ita ce a rubuta take bisa ƙa'ida, sannan a gwada neman sa da harafi marar lanƙwasa. In bai fito ba, a sa wannan siffar a gurbin kalmomin bincike idan akwai shi. Kalmomin aro ma haka: tsakanin kwamfuta da komfuta a zaɓi wadda aka fi rubutawa, sunan kamfani ko manhaja kuma a bar shi da asalin rubutunsa.

Sauran abubuwan da ke ɓata take ba su buƙatar dogon bayani. Manyan haruffa daga farko har ƙarshe suna wahalar karantawa. Alamar motsin rai guda biyar ba ta ƙara gaggawa. "Yau", "sabo" da "na bana" suna tsufa nan da nan, don haka a sa shekara ko lambar siga. Take irin "Ba za ku yarda da abin da ya faru ba" yana iya jawo dannawa sau ɗaya, amma ba ya ɗauke da kalma ko ɗaya da za a neme shi da ita. Tambaya biyu kuma a raba su gida biyu, kowace da takenta. Lambar waya ko ta asusun banki kada ta kusanci take, domin shi ne ɓangaren da ya fi yawo.

A aikace, ya fi sauƙi a rubuta take a ƙarshe, bayan an gama bayani, lokacin da mai rubutu ya gane ainihin abin da yake tambaya. Daga nan a rufe bayanin a karanta taken shi kaɗai: baƙon da bai san komai ba zai iya faɗin abin da ke ciki? Sai a liƙa shi a akwatin bincike kafin a aika. Sau da yawa a nan ake tarar da wani ya riga ya yi tambayar an amsa masa. Idan kuma abin da ya fito bai da alaƙa da batun, alama ce kalmomin da aka zaɓa ba su ne mutane ke amfani da su ba.

Bayan an samu mafita, a koma a gyara taken. A ƙara "An warware" a ƙarshensa, in da wuri a haɗa da dalilin a gajarce: "Galaxy A14 ba ta caji sai an kashe ta (an warware: caja ce)". Sai dai a kula, wasu manhajoji daga take suke gina adireshin rubutu, don haka bayan gyara a danna tsohon adireshin a tabbatar har yanzu yana buɗewa.