Yadda malami zai koya wa ɗalibai kula da sawunsu a intanet

Da yawa daga cikin ɗaliban babbar sakandare a Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara sun riga sun shiga intanet, ko da wayar ba tasu ba ce. Wani da wayar yayansa yake hawa Facebook, wata da ta mahaifiyarta take kallon TikTok bayan isha'i. Kowane hoto da suka ɗora, kowane sharhi, kowane saƙon murya da suka jefa a gurup, sawu ne da ya rage a bayansu, kuma akwai masu bin sa: mai ba da gurbin karatu, mai ɗaukar aiki, dangin da ke binciken aure, da kuma mugu. Faɗan "ku daina" a wajen asambuli bai taɓa raba yaro da waya ba. Abin da ke shiga shi ne ɗalibi ya ga sawunsa da idonsa, sannan a nuna masa gyara. Darasi uku ko huɗu sun isa, ko da makarantar ba ta da ɗakin kwamfuta.

Fara da allo da alli. Ƙirƙiri wani ɗalibi da babu shi, kada ka ba shi sunan kowa a ajin, ka jera abubuwan da ya wallafa cikin wata guda: hotonsa da yunifom a ƙofar makaranta, bajo na fitowa tar, takardar sakamakon JAMB da lambar rajista a jiki, hoton sabon babur ɗin babansa a ƙofar gida, zagin da ya yi wa wani a ƙasan labarin siyasa, bidiyon da yake karatu a musabaƙa, sai rubutun da ya ce "gobe da asuba za mu kama hanyar Funtuwa, a sa mu a addu'a". Raba ajin gida huɗu. Waɗannan su zama kwamitin tallafin karatu, waɗancan masu ɗaukar aiki, na uku dangin yarinyar da zai nema nan da shekara goma, na huɗu kuwa mutumin da ke neman wanda zai cuta. Kowane rukuni ya faɗi abin da ya sani game da yaron, da hukuncin da ya yanke a kansa.

A rukuni na huɗu za ka daɗe, don a nan Zamfara maganar ta wuce ta suna, ta kai ga rai. Yara da kansu za su lissafa maka cewa baƙo ya san makarantar, ya san gidan, ya san akwai abin hannu, ya san rana da hanyar da za a bi. Babu ɗalibin da bai san abin da ake nufi da infoma ba, kuma da yawansu suna tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga. Kada ka tsorata su fiye da yadda rayuwa ta riga ta tsorata su. Ka bar su da doka ɗaya mai sauƙin riƙewa: labarin tafiya sai an sauka, hoton gida da na dukiya kuwa ba na bainar jama'a ba ne.

Mataki na biyu aikin gida ne. Kowa ya rubuta cikakken sunansa a Google, sannan laƙabin da yake amfani da shi, sannan ya koma can ƙasan shafinsa ya ga abin da ya rubuta shekara biyu ko uku baya. Mai asusun Google ya buɗe My Activity, zai tarar da abin da ya bincika da bidiyon YouTube da ya kalla a jere da kwanan wata. Ya rubuta a takardarsa abu uku da ba zai so kakarsa ta gani ba. Takardar tasa ce. Kada ka karɓa, kada ka karɓi wayar kowa ka duba, kuma kada ka karanta abin wani a gaban aji. Ranar da ka kunyata yaro ɗaya, ranar sauran za su rufe maka ƙofa, alhali kai ne ya kamata su rugo wurinka idan abu ya ɓaci.

Na uku, ka rushe tunanin cewa gogewa tana shafe abu. Sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma wanda ya yi sikirinshot ya riga ya adana. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa wasu ne ke riƙe da kwafinta. Sunan bogi ma ba mafaka ba ne, tunda kowane layi a Najeriya an haɗa shi da lambar NIN. Ba su misalan da suka faru. A 2017 Jami'ar Harvard a Amurka ta janye gurbin ɗalibai aƙalla 10 saboda munanan hotunan barkwanci da suka yi ta turawa a wani gurup na Facebook da suke ɗauka na sirri ne. A 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan matar shugaban ƙasa, ya yi kwanaki a tsare kafin a janye ƙarar. Tun 2019 fom ɗin bizar Amurka ke tambayar sunayen shafukan sada zumunta da mutum ya yi amfani da su cikin shekara biyar, kuma a 2025 aka ce masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu a gani. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta barazana da cin zarafi ta waya. Ba ana cewa su yi shiru a kan ra'ayinsu ba ne. Ana koya musu bambancin suka da zagi.

Sai shara. Tambaya ta farko ita ce: wa ya buɗe maka asusun? Za ka sha mamakin yawan waɗanda mai shagon caji ko mai tura finafinai ya buɗe musu, da lambar wayar yaro a matsayin kalmar sirri. A canza ta a ranar. A kunna tantancewa mai mataki biyu a WhatsApp, wato lambobi shida da mutum zai zaɓa da kansa, kuma a nanata cewa lambar da ke shigowa ta tes ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga gurup ɗin makaranta yake kira. A mayar da tsofaffin rubuce-rubucen Facebook zuwa abokai kaɗai, a goge na gogewa, a sallami abokan da ba a sani ba. Wanda ya shiga imel a kafe ya fita kafin ya tashi daga kujera. Wanda zai sayar da waya ya cire memori, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Layin da aka yi rajistar JAMB da shi a riƙe shi da kyau, domin layin da ya daɗe a kashe kamfani kan sake sayar da shi, sai saƙonninka su koma hannun wani.

Akwai maganar da ya fi kyau malama ta yi da 'yan mata su kaɗai, malami kuma da maza: hoton da ake turawa saurayi ko budurwa. Idan wani ya fara barazanar yaɗa hoto, kada a biya shi, kada a goge saƙonninsa don su ne hujja, a faɗa wa babba a ranar. Yarinyar da ta zo da irin wannan kuka taimako take buƙata kafin faɗa.

Daga nan a juya ga gini, don shafin da babu komai a ciki ba ya yi wa kowa shaida. Kowane ɗalibin SS 2 ya buɗe imel da sunansa na gaskiya, wanda zai iya rubutawa a fom ba kunya. Mai ɗinki ta ɗora ɗinkinta, mai gyaran sola ya nuna aikinsa, mai rubutun waƙa ya sa waƙarsa. Ajin ya amince cewa ba a ɗora hoton wani sai an tambaye shi, kuma ba a tura labarin hari ko na rasuwa sai an tabbatar. Malamin addini zai taimaka a nan da aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da bincika labari kafin a ɗauke shi.

Iyaye su ne mataki na ƙarshe. A taron iyaye da malamai ka nemi minti goma, ka sake zana yaron nan na allo. Ka gaya musu Facebook da TikTok ba su yarda da mai ƙasa da shekara 13 ba, kuma hoton sakamakon jarabawa da na yara cikin yunifom, sau da yawa daga sitatus ɗin uwa ko uba yake fita. A farkon kowane zango kuma ka sake ba ɗalibai aikin binciken sunansu, ka duba wa ya canza waya ko layi a lokacin hutu.