Jitar haɗe-haɗe: inda masu harhaɗawa suka fi tuntuɓe

Haɗa siffofin jita biyu a jiki ɗaya ba sabon abu ba ne. Tun cikin shekarun 1970 makaɗin jita Eddie Van Halen ya ɗauko fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jitar lantarki) na kamfanin Gibson mai naɗin waya biyu, ya dasa a gangar jiki irin ta Stratocaster, jitar kamfanin Fender. Makaɗi Brian May kuwa shi da mahaifinsa suka sassaƙa tasu daga katako, suka fara a 1963. Na farko harhaɗawa ya yi, na biyu ƙerawa. Masu bin hanyar farko ne suka fi shan wahala, domin suna zaton duk abin da ya shiga rami ya dace.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na tsawon tsirkiya. Jitocin Fender irin su Stratocaster da Telecaster inci 25.5 ne daga bakin wuya (inda tsirkiya ke zama kusa da kan jita) zuwa jakin da tsirkiya ke hawa, na Gibson kuma 24.75. Mutum zai ga wuya mai kyau ya saya, ya ɗaure, ya saita tsirkiya, buɗaɗɗen sauti ya fito daidai. Yana danna firet (ƙarafan da ke gicciye a wuya) na sama sai murya ta karkace, kuma duk juyin da zai yi wa sukurorin jaki ba za ta dawo ba. Firet na 12 dole ya faɗo a tsakiyar tsirkiya. Saboda haka kafin ka saya, auna daga bakin wuya zuwa firet na 12, ka ninka biyu: nan jaki zai zauna. Idan jikin an riga an huda shi, nemi wuyan da aka yi musamman don sauya tsawo, irin wanda kamfanin Warmoth ke yi.

Gindin wuya ma yana yaudara. Na Stratocaster mai lanƙwasa ne, na Telecaster miƙaƙƙe, don haka wuyan Telecaster ba ya zama a ramin Stratocaster sai an gyara. Kada ka tura da ƙarfi, fenti zai tsage a gefen ramin. Sukurorin wuya kuma a fara yi musu ƙaramar huda, in ba haka ba katakon ya dare.

A ɓangaren waya, fikof mai naɗi ɗaya ya saba da maɓallin ƙara na 250k (adadin da yake tare wutar lantarki), mai naɗi biyu da 500k. Ka sa 250k a mai naɗi biyu, sautin ya dushe kamar an rufe shi da bargo. Ga kuma wayar da ake mantawa, wadda ke haɗa jaki da wayar ƙasa (earth) ta da'irar lantarkin. Alamar rashinta a fili take: jita na ƙugi, ka taɓa tsirkiya ƙugin bai ragu ba.

Akwai kuskuren da ba na awo ba ne, kuma shi na fi ƙi: liƙa tambarin Fender a kan jitar da ka harhaɗa, ko kiranta ƙirar hannu. Ranar sayarwa wannan ha'inci ne. Rubuta sunan kowane sashe da kamfanin da ya yi shi a takarda, ka ajiye cikin akwatin jitar. Idan kuma siffar da ke ranka tana buƙatar sabon rami ko kusurwar wuya daban, kamar jaki mai tsayi irin na Gibson a kan shimfiɗaɗɗen jiki, kai wa maƙerin jita aikin tun katakon bai ga fenti ba.