Darasi na Bakwai: Kifin Garinku Daga Ina Yake Zuwa?

Idan ruwan sama ya sauka a kan jinkar ɗaki, wani ya gangara gaba, wani ya gangara baya. Haka ƙasa take. Ruwan da ya sauka wajen Funtuwa yana bin Kogin Sakkwato, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima, ya wuce Argungu, ya faɗa Kogin Kwara. Wanda ya sauka a kudancin Kano kuwa gabas yake nufa. Kogin Kano da na Calawa su haɗu su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya gamu da na Jama'are, su bi ta Gashuwa har Tafkin Cadi. Duk ƙasar da ruwanta ke taruwa a kogi ɗaya, ita ce kwarin wannan kogi.

Kifi ba ya haye tudu. Ƙarfasar Argungu ba ta da hanyar zuwa Nguru, ko da yake iri ɗaya ake kamawa a wuraren biyu: tarwaɗa, kurungu, bargi, giwan ruwa. Kowane kwari da nasa kifin, kuma abin da ya sami kogi a sama shi ke nuna abin da masunci zai tarar a komarsa a ƙasa.

A lura da ambaliya sosai, don a nan maganar take. Manomin bakin kogi yana tsoronta, amma ita ce gonar masunci. Da damina ta yi nisa, kogi ya cika ya malala cikin fadama, sai kifi ya bi sabon ruwa ya shiga ciyawa ya saki ƙwai. 'Ya'yan suna samun abinci da mafaka a ruwa marar zurfi. Bargi har sheƙa yake yi da ciyawa. In ruwa ya fara janyewa, manya da ƙanana su komo kogi da tafkuna. Gaiwa ita ba ta komowa: sai ta nutse cikin laka, ta kwanta har wata damina. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi, banda kan yi araha a kasuwa.

To, me ke rage ambaliya? An gina madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani, wannan ba a musu. Amma ruwan da ke isa fadamar Haɗeja da Nguru ya sauya. Maimakon ya zo da ƙarfi ya janye, sai ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ciyawar kacala ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ma ya kasa wucewa. Dattin masana'antu da maganin feshi su ma gangarowa suke yi.

Abin da ke hannun masunta shi ne kada a tare bakin fadama da dumba, wato shingen kama kifi, lokacin da kifi ke shiga saka ƙwai, a kuma daina amfani da raga mai ƙananan ido. Mai zuba guba a ruwa kuwa, a kai ƙararsa wurin Sarkin Ruwa.

Aikin gida: a tambayi dattijon masunci sunayen kifin da ake kamawa a da, yanzu ba a ganinsu. A rubuta su a littafi, a zo da su aji.