Bitar Waƙa da Ɗaliban Firamare: Yadda Muryoyi Ke Haɗuwa

Idan Ranar Yara ta 27 ga Mayu ko bikin yaye ɗalibai ya matso, malamai da yawa sukan tara yara su ce "a ɗauko daga farko", a rera waƙa har ƙarshe sau biyar. Da haka yara ke haddace kuskure tare da waƙar. Aikin bita shi ne a kama wuri guda a gyara shi har ya zauna.

A fara mako shida kafin ranar, zama biyu ko uku a mako, kowanne kada ya wuce minti 40. Minti biyar na farko na sassauta murya ne: a tsaya, a saki kafaɗu, a ja numfashi ta hanci har ciki ya taso, a sake shi a hankali ana ƙirga takwas a zuci. Da hunturu kowa ya zo da ruwansa, don busasshen maƙogwaro ba ya riƙe murya.

Kalmomi su riga kari. A rubuta baiti ɗaya a allo, a karanta shi da tafi, ba rerawa. Karin waƙar Hausa a kan doguwar gaɓa da gajera yake tafiya, yaron da ya gajarta dogon wasali zai riga 'yan uwansa isa ƙarshen layi. Sai baitin ya zauna a baki sannan malam ya rera layi ɗaya, su maimaita.

A jera su rabin da'ira, sahu biyu, don su ji juna. Masu kunnen waƙa a raba su tsakanin sauran, kada a tara su gefe guda.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne wurin da mai bayarwa ke sauka 'yan amshi su karɓa. Sukan makara ne saboda sai ya gama suke jan numfashi. A ware kalmomi biyu na ƙarshen layinsa da kalmar farko ta amshi, a maimaita su kaɗai sau goma, yara na jan numfashi tun yana kan kalmar ƙarshe. Wannan ɗan wurin ya cancanci rabin lokacin zama.

In waƙa ta fara gudu, a tsayar da tafi, a sa su taka ƙafa hagu da dama, ganga ɗaya ta riƙe bugu. In murya na zamewa ƙasa, ko sun gaji ko an ɗauko ta da sama sosai, a sassauto. Kada a ce "ku ɗaga murya", ihu za a samu. A ce su buɗe baki. Yaron da muryarsa ta fara fashewa kuwa a ba shi ganga ko ya rera a ƙasa, ba a tilasta masa.

Makaɗa su yi nasu zaman daban, a haɗe su a mako na uku. Fatar ganga na saki da danshin farkon damina, sai a shanya ta a rana kafin a fara.

A ɗauki bita da waya su saurara, su nuna kuskuren da kansu. Zama biyu na ƙarshe a yi su a filin taron, don sarari na shanye murya, a kuma gwada alamar tsayawa: malam ya dunƙule hannu, baki da ganga su ɗauke tare.