Wane wata ya fi dacewa ka tafi hutun hawan igiyar teku?

Yanzu samarin Katsina da sun ga bidiyon masu tsayawa a kan allo suna sulalewa a saman igiyar teku sai ka ji ana wallahi nima sai na gwada, musamman tunda aka saka wasan a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Toh babu laifi, wanda Allah ya hore wa ya je ya huta. Amma dan uwa kafin ka kama hanyar Kano ka hau jirgi fara duba watan da za ka je, don teku ba dam din Zobe ko Ajiwa bane da duk ranar da ka je za ka same shi kwance abinsa.

In ka ga an rubuta a intanet cewa wata kaza shi ne lokaci mafi kyau, ba da kai ake ba fa, da gwanaye ake, masu neman igiyar da ta fi tsayin mutum. Kai da ba ka taba taka allon ba abin da kake bukata shi ne igiya karama wadda ba ta wuce kugu ba, a gabar da kasanta yashi ne ba duwatsu ba. Mafi yawan lokaci watan da gwanaye suke rainawa shi ne naka.

Ita igiyar nan ba a bakin gaba take tashi ba, guguwa ce can tsakiyar teku, nisan dubban kilomita, take turo ta, kuma guguwar ta fi karfi lokacin sanyi. Arewacin duniya sanyinsu daga Nuwamba zuwa Maris, kudanci kuma daga wajen Mayu zuwa Satumba. Sai ka duba gabar da za ka je ina ta fuskanta. Legas da Ghana kudu suke kallo, shi yasa manyan igiyoyinsu suke zuwa da damina, daidai lokacin da mu nan muke fama da noman gero da gyada. Lokacin nan ruwan sama a Legas ba a magana, ga teku a hargitse, ga jan ruwa mai karfi. Ni dai ba zan ba dan koyo shawarar zuwa a Yuni ko Yuli ba.

Hunturu shi ne namu. Daga Disamba zuwa Fabrairu igiyar tana raguwa, sannan iskar nan da take busar mana da lebe tana fasa mana kafa a Daura, in ta kai kudu daga tudu take hurawa zuwa cikin teku, sai ta tallafe igiyar ta tsaya sumul maimakon ta rushe gaba daya. Ruwan Legas kuma da dumi yake duk shekara. Wajen da ake koyo shi ne Tarkwa Bay, kuma sai da kwale-kwale ake shiga, babu hanyar mota. Amma don Allah ka kauce wa karshen Disamba, garin cika yake da yan hutun kirsimeti, kudin jirgi da na otal duk sai sun ninka, ka bari sai tsakiyar Janairu an watse. Busua a Ghana ma kusan lissafin daya ne, kuma da fasfon Najeriya ba ka bukatar biza saboda ECOWAS, haka ma Senegal.

Maroko labarinta daban. Taghazout da ke kusa da Agadir manyan igiyoyinta daga Oktoba zuwa Maris ne, ruwan kuma sanyi ne da shi sosai, kasa da digiri 20, dole sai da rigar robar nan mai manne wa jiki, ga maganar biza. Dan koyo ya fi samun sauki a wajen Afrilu da Mayu ko Satumba. Abin da na fi so a can ba ka da matsalar abinci ko masallaci. Wanda aljihunsa ya kai Bali a Indonesiya kuwa, gabar yamma irin su Kuta daga Mayu zuwa Satumba take kyau, sauran watannin sai a koma gabar gabas.

Sai kalandarmu. Azumi yana matsowa da wajen kwana 11 duk shekara, kuma yan shekarun nan ya fara shiga cikin karshen hunturu, don haka ka lissafa da kyau. Wasan nan tuki ne da hannu na awanni cikin rana, kuma dan koyo sai ya kurbi ruwan gishiri ko ya so ko bai so ba, ban ga mai hada shi da azumi ba gaskiya.

A cikin yini ma akwai lokaci. Da ka idar da asuba ka dan karya ka nufi gaba, iska ba ta tashi ba tukuna, zuwa azahar yawanci ta dagula ruwan. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, kuma abin ya fi karfi a tsayuwar wata da daren sha hudu, ka tambayi mai koyar da kai karfe nawa ya fi a wannan gabar don kowacce da halinta. Ka ware akalla mako guda saboda akwai ranakun da teku zai kwanta shiru ko ya haukace ba za a shiga ba.

In ba ka iya iyo ba ka fara koya a nan gida kafin ka sayi tikiti. In kuma ka shiga ka ji ruwa yana jan ka ciki kar ka yi kokawa da shi kai tsaye, rike allonka, ka yi gefe kana bin tsawon gabar har ka fita daga jan, ka daga hannu a gan ka.