Yadda na hana fenti malala a bayan akushi

Na zana fure a bayan akushi da ƙarfen ƙuna, wato ƙarfe mai zafi da ake zane a katako da shi, layukan suka fito baƙi wuluk. Ina shafa fentin akirilik, irin wanda ake sirkawa da ruwa, sai ya bi jijiyar katakon ya tsallake layi, ja ya shige cikin kore. Raina ya ɓaci sosai.

Ashe ruwa na cika wa fentin, ga katakon busasshe yana ta tsotsa. Na goge fentin tas da samfefa mai laushi, mai lamba 220, kafin in sake bin layukan da wuta, don hayaƙin ƙonannen fenti na da illa. Na kakkaɓe tokar, na shafa banish kaɗan, wato man da ke hana katako tsotsa, na bar shi ya kwana. Washegari na sa fenti mai kauri, shafi biyu, ya tsaya cak.

Cikin akushin kuwa ban taɓa shi ba, tunda tuwo za a zuba.