Kafin ku sayi ƙaramar bindiga a Amurka

'Yan uwa mazauna Amurka da ke tambaya kan ƙaramar bindigar da mutum zai riƙa ɗauka a jikinsa, ku fara duba doka kafin ku duba kanti. Dokar tarayya ta hana galibin masu bizar karatu ko ziyara mallakar bindiga, amma mai katin zama na dindindin yana iya saya. Jihohi ma sun bambanta. Tun Satumbar 2021 Texas ta bar mai shekara 21 ya ɗauka ba lasisi, New York kuwa sai da lasisi.

Kada ƙanƙanta ta ruɗe ku. Bindiga idan ta yi sauƙi sosai, tana dukan hannu da ƙarfi lokacin harbi, saiti ya yi wuya. Ƙananan bindigogi irin su SIG P365 da Glock 43X suna ɓoyuwa ƙarƙashin riga, kowacce na ɗaukar harsashi 10 mai kaurin 9mm. Glock 19 ta fi girma, tana ɗaukar 15, kuma a ganina ta fi dacewa da sabon hannu. Ku je filin koyon harbi, ku yi hayar bindigogi biyu ko uku ku gwada. Ku lura ko ƙaramin yatsanku yana samun wurin zama a mariƙi, ko yana reto a iska.

Kuben bindiga dole ya zama mai tauri, wanda ya rufe kunamarta (abin da ake ja a yi harbi) gaba ɗaya. Aljihu kawai ba wurin bindiga ba ne. Mai yara a gida kuma, don Allah ya sayi akwatin ƙarfe mai kulle tun ranar da ya kawo ta.